Wutsiyar bakteriya: makami ce ko mai tona asiri?

Hafsat_Mikro:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a fannin ilimin ƙananan halittu, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai tun jiya. An koya mana cewa bakteriya da yawa suna da wutsiya, wadda masana ke kira fulajela, da ita suke iyo har su kai wurin da za su yi ɓarna a jiki. Sai a darasi na gaba aka ce furotin ɗin da aka gina wutsiyar da shi, wato fulajelin, yana cikin abubuwan da garkuwar jiki ke saurin ganewa. A nan kaina ya ɗaure. In wutsiyar ce ke tona musu asiri, me ya hana su yar da ita? Ni dai a ganina bakteriya mai wutsiya ta fi marar wutsiya haɗari, don in ba riba take samu ba, ba za ta ɗauki wannan kasadar ba. In na yi kuskure a gyara mini.

Abba_Sani99:
Wa alaikis salam. Ni ma haka nake gani. Wadda ke iya tafiya da kanta ai ta fi wadda sai an kai ta. Irin kaɗa jela ne kamar na kifi ko?

Malam_Lawal:
Wa alaikumus salam. Abba, a'a, ba kaɗawa take yi ba, juyawa take yi kamar farfelar jirgin ruwa. A gindinta akwai inji na gaske da ke zaune a cikin tantanin ƙwayar, da ɓangare mai juyawa da ɓangare mai tsayawa, kuma kwararar furoton (ƙwayoyin haidurojin masu cajin lantarki, ba furotin ba) daga waje zuwa ciki ce ke tuƙa shi. A dangin Vibrio, wato dangin ƙwayar kwalara, sodiyam ne ke tuƙa na wutsiyarsu ta ƙarshen jiki. Howard Berg da Robert Anderson ne suka kawo hujjar juyawar a 1973, shekara guda bayan haka Silverman da Simon suka manna wutsiyar a jikin gilashi, sai aka ga jikin ƙwayar kansa ne ke ta wulwulawa. Gardama ta ƙare daga nan. A E. coli, in injinan suka juya saɓanin hannun agogo, wutsiyoyin sai su haɗu su zama igiya ɗaya, ƙwayar ta miƙe. In ɗaya ko biyu suka koma bin hannun agogo, igiyar ta warware, ƙwayar ta yi tsalle-tsalle a wuri guda, ta ɗauki wata sabuwar fuska. Da wannan miƙewa da birkicewa take bin ƙamshin abinci ko gudun abin da zai cutar da ita.

Hafsat, tambayarki mai kyau ce, amma ƙarshen maganarki ban yarda da shi ba. Kawo mini wutsiyar ƙwayar tarin fuka in gani. Ba ta da ita. Staphylococcus aureus ba ta da ita. Yersinia pestis, wadda ta kashe jama'a masu ɗimbin yawa a Turai a ƙarni na 14, ba ta motsi ko kaɗan.

Hafsat_Mikro:
Na gode Malam. Wallahi ban kawo tarin fuka a raina ba sam.

YayaBinta_Lab:
Ƙanwata, in kin fara zaman ɗakin gwaje-gwaje za ki ga abin da idonki. Akwai gwajin da muke yi da aga mai laushi, wato daskararren abincin da ake raino bakteriya a kai, a cikin kwalba, mu tsoma allurar da ta ɗauko ƙwayar tsaye mu zare. Washegari in Salmonella ce ko E. coli, sai ki ga agar duk ta yi hazo, sun bar layin sun bazu. In Shigella ce ko Klebsiella, layin nan na nan siriri kamar zare, ko gezau. To Shigella ɗin da ba ta motsa a kwalba ba ita ce ke sa atuni mai jini, kuma ƙwayoyi 10 zuwa 100 sun isa su kwantar da mutum. Saboda haka rashin wutsiya ba rauni ba ne.

Amma kuma ba zan manta ranar da na fara duba bayan-gidan mai kwalara a ɗigon ruwa rataye a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu ba. Kafin ka tsayar da idonka kan ƙwaya guda ɗaya ta ɓace, ta bayyana a wani gefen. Walƙiya kawai. Da babbanmu ya ɗiga ruwan jinin da ke ɗauke da garkuwar da ta dace da su, nan take fili ya yi tsit, duk suka tsaya. Na daɗe a kan kujerar ban tashi ba.

Dr_Nasiru_I:
Binta ta taɓo asalin maganar. Ni yadda nake ɗaukar abin, wutsiya ta lokacin shiga ce. Hanjin mutum ba tsirara yake ba, akwai yauƙi mai kauri shimfiɗe a kansa, kuma a babban hanji yauƙin hawa biyu ne, na cikin kusan babu bakteriya a cikinsa in mutum lafiyarsa ƙalau. Ga kuma motsin hanji kullum yana tura komai ƙasa. Ƙwayar da ke son ta taɓa bangon hanji sai ta yi iyo, ko a wuce da ita. Bayan ta shiga kuma lissafi ya canza, wutsiyar ta zama kaya.

Misalin da ya fi burge ni Listeria. A yanayi mai sanyi, ƙasa da maki 30, tana yin wutsiya tana birgima. Da ta ji maki 37, zafin jikin mutum, sai ta rage ƙera ta ƙwarai. A cikin sel ɗinmu kuma, wato ƙananan ɗakunan da aka gina jikinmu da su, ba ta buƙatarta, domin tana da wani furotin, ActA, da ke tara aktin, wato zaren furotin na sel ɗin, a bayanta yana ingiza ta, har ta huda ta shiga sel na maƙwabta. Shigella ma da irin wannan dabarar take yawo, ita kam ta rabu da wutsiyar gaba ɗaya. To Hafsat, amsar "me ya hana su yar da ita" ita ce wasu sun yar, wasu kuma suna kashe ta in sun shigo gida.

Abba_Sani99:
Ikon Allah. Kenan suna da wayo.

Malam_Lawal:
Ba wayo ba ne Abba, kar mu ba su hankalin da ba su da shi. Waɗanda suka ci gaba da nuna wutsiya a inda bai kamata ba an kashe su, waɗanda suka rage su suka hayayyafa.

Ummu_Khalil:
Ku yi haƙuri ni ba 'yar kimiyya ba ce. Mahaifiyata ta sha fama da gyambon ciki shekara da shekaru, sai daga baya aka ce mata wata ƙwaya ce, aka ba ta magunguna uku na mako biyu ta samu sauƙi. Ita ma wannan ƙwayar tana da wutsiyar? Kuma yaya take rayuwa a cikin da aka ce akwai asid?

Dr_Nasiru_I:
Allah ya ƙara wa Mama lafiya. Helicobacter pylori ke nan, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka gano, har Marshall ya sha ta da kansa a 1984 don ya nuna tana sa ciwo, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Tana da wutsiyoyi 'yan kaɗan a gefe guda, jikinta kuma a murɗe yake. Ba a cikin asid ɗin take zama ba, gudunsa take yi ta shige cikin yauƙin da ke lulluɓe da bangon ciki. Tana da wani sinadari mai fasa yuriya, dattin da jiki ke fitarwa a fitsari, ya ba da amoniya, amoniyar ta rage tsamin wurin da take. An nuna a 2009 cewa in tsamin ya ragu yauƙin kansa yana saki ya yi ruwa-ruwa, sai ta samu ta yi iyo. Kuma tun farkon shekarun 1990 gwaji a kan 'ya'yan aladu ya nuna waɗanda ba sa motsi ba sa iya kama ciki sosai. A wannan ƙwayar dai Hafsat tana da gaskiya, ba motsi ba cuta.

Ummu_Khalil:
Amin, na gode Likita. To me ya sa jikinta bai kore ta ba duk tsawon shekarun nan?

Sadiya_Immuno:
Ummu Khalil, tambayarki ta dawo da mu kan ta Hafsat. Bari in ɗan tsawaita, wannan ne fannina.

Jikinmu yana da masu gadi iri biyu da ke neman fulajelin. Na farko a bakin ƙofa yake, a saman sel, sunansa TLR5, a 2001 aka tabbatar fulajelin ne yake kamawa. In ya kama, sel ɗin sai ya fitar da saƙon kiran fararen ƙwayoyin jini, wurin ya kumbura. Na biyun a cikin ɗaki yake, cikin ruwan sel, wato NAIP da NLRC4, bayaninsu ya fito fili daga 2006. Shi wannan ba ya wasa. In ya ga fulajelin a ciki, ma'anarsa ɓarawo ya riga ya shigo, sai sel ɗin ya fashe kansa, ya zubar da ƙwayoyin waje inda wasu fararen ƙwayoyin jinin za su cinye su.

Abin da ya sa fulajelin ya zama abin nema mai kyau shi ne wutsiya ɗaya tana da guntayensa kusan 20,000, an jera su kamar tubali. Ɓangaren da ke haɗa tubali da tubali ba ya canzuwa da sauƙi, don in ya canza ginin ya rushe. Daidai wurin nan TLR5 ke kamawa. Kuma wurin a ɓoye yake cikin wutsiyar da ta ginu, sai guntayen da suka zube ne ake gani.

H. pylori tana cikin 'yan kaɗan ɗin da suka canza wannan wuri, suka kuma yi wasu canje-canje a wani gefen da suka riƙe ginin bai rushe ba. Saboda haka tana iyo, TLR5 kuma da ƙyar yake jin ta. Campylobacter jejuni ma haka. Wannan ɗaya ne daga cikin dalilan da ke sa ta daɗe a cikin mutum, ba shi kaɗai ba, amma yana ciki.

Kabiru_MLS:
Ni kuwa na ɗauka kuben da ke rufe wutsiyar H. pylori ne ke ɓoye ta. Haka na fahimta a makaranta.

Sadiya_Immuno:
Kuben yana nan, Kabiru, tantani ne da ke lulluɓe da ita, Vibrio cholerae ma tana da irinsa, kuma yana iya rage zubewar guntayen. Amma ko ka ciro fulajelin ɗin H. pylori tsurarsa ka zuba wa sel, ba ya tayar da TLR5 yadda na Salmonella ke yi. Kenan canjin a jikin furotin ɗin yake. In kana neman waɗanda suka ɓoye ta da gaske, duba dangin masu murɗewa, ƙwayar tunjere da Borrelia da Leptospira. Tasu wutsiyar a cikin jiki take, tsakanin tantani biyu, tana juyawa a ciki jikin gaba ɗaya yana murɗawa, da haka suke ratsa nama.

Kabiru_MLS:
Na karɓi gyara, Anti. Tun da an zo kan Salmonella, H ɗin da muke rubutawa a gwajin Widal, wato na taifod, ai na wutsiyar nan ne ko?

YayaBinta_Lab:
Shi ne. Kuma asalin harafin daga Jamusanci yake. Hauch, wato hucin da mutum ke bari a kan gilashi. Weil da Felix ne suka sa sunan lokacin yaƙin duniya na farko, da suka ga bakteriyar Proteus mai wutsiya tana shimfiɗuwa a faranti kamar huci. Wadda ba ta shimfiɗuwa suka ce ohne Hauch, babu huci, daga nan O, ɗaya harafin da ake rubutawa a gwajin, ya fito. E. coli O157:H7 ma H7 ɗin nau'in wutsiyarta ne. Duk wanda ya taɓa shuka fitsari a agar jini Proteus ta hau masa faranti ya san abin da suka gani: zobe bayan zobe kamar an jefa dutse a ruwa, ta rufe duk sauran ƙwayoyin, ga warinta da ba ya ɓuya.

Abba_Sani99:
To kenan in H ɗina ya hau ina da taifod? An taɓa ce mini haka aka ɗora ni kan allurai kwana bakwai, zazzaɓin bai sauka ba, ashe wani abu ne daban.

Dr_Nasiru_I:
Ba lallai ba, Abba, kuma abin da ya same ka yana samun mutane da yawa. Garkuwar da jiki ke yi wa H tana daɗewa a jini bayan tsohuwar cuta ko wata rigakafin, kuma wasu dangin Salmonella suna iya tayar da ita. Gwajin nan tun 1896 yake. Sakamako guda ɗaya ba ya yanke hukunci, shuka jini, wato raino ƙwayar daga jinin a ɗakin gwaji, ne ke tabbatarwa. Wannan abin yana ci mini rai ƙwarai, amma kar mu kauce, ya cancanci nasa zaren daban.

Malam_Lawal:
Kafin a bar Salmonella. Nau'in Typhimurium yana da fulajelin iri biyu, FliC da FljB, kuma ɗaya yake sawa a lokaci guda. Akwai wani ɗan guntun DNA da wani sinadari mai suna Hin ke juya shi gaba ko baya, shi ke zaɓar wanda za a ƙera. Tun 1922 Andrewes ya lura da wannan sauyin riga, shekaru da yawa kafin a san yadda yake faruwa. Na daɗe ina koyar da shi a matsayin dabarar kauce wa garkuwa, kodayake TLR5 duka biyun yana ganin su, don haka sauyin bai tsirar da ita daga wannan mai gadin ba.

Sadiya_Immuno:
Haka ne Malam. Abin da ya fi tsirar da ita shi ne rufe ƙera fulajelin in ta shiga cikin makrofej, fararen ƙwayoyin jinin nan masu haɗiye ƙwayoyin cuta, ta bazu a jiki. A 2010 aka yi wani gwaji da nake so ƙwarai: aka tilasta wa Salmonella ta ci gaba da ƙera fulajelin a cikin jikin ɓeraye, sai garkuwarsu ta share ta, ta hanyar fashewar sel ɗin nan da na faɗa. Wato an ƙara mata abin da Hafsat ke kira makami, sai ta yi rauni.

Hafsat_Mikro:
Wannan ya rusa maganata ke nan.

Nas_Rukayya:
Kar ki yi saurin janyewa, ƙanwata. Ni a ɗakin marasa lafiya nake, kuma abin da nake gani motsi yana da tasiri. Dattijo ya daɗe da robar fitsari, sai ka ga fitsarin ya daina sauka, ka cire robar ka tarar cikinta ya toshe da wani abu kamar yashi. Sau da yawa sakamako in ya dawo Proteus mirabilis ce. An bayyana mana cewa tana tsawaita jikinta ta fito da wutsiyoyi masu yawa, su haɗu su yi ayari a saman robar, sannan sinadarinta mai fasa yuriya ya sa gishirin fitsari ya daskare. Kuma ciwon mafitsara da ke hawa zuwa ƙoda fa? Fitsari ƙasa yake gangarowa, ƙwayar sama take zuwa.

Dr_Nasiru_I:
Gaskiyarki Sista. A ɓeraye an ga E. coli mai sa ciwon fitsari tana kunna ƙera fulajelin daidai lokacin da take hawa zuwa ƙoda, kuma waɗanda aka cire wa wutsiya ba sa kai wa can da yawa kamar sauran. Sai dai ga kishiyarsa a huhu. Masu ciwon sistik faiburosis, waɗanda majinar huhunsu ke da kauri, Pseudomonas aeruginosa kan shiga musu da wutsiya tana iyo. In aka ɗauko ta bayan shekaru, da yawa sun daina motsi, sun zauna cikin yauƙin da suka ƙera wa kansu, kuma fararen ƙwayoyin jini sun fi wahalar haɗiye marasa motsin. Ƙwaya ɗaya, mutum ɗaya, farko da wutsiya, ƙarshe babu.

Auwal_Noma:
Ina bin zaren nan shiru. Ni ɓangaren tsirrai na karanta, kuma abin mamaki su ma suna gane fulajelin. Suna da nasu mai gadin, FLS2, da aka gano a 2000, yana kama wani guntu mai amino asid 22. Ba wurin da TLR5 ke kamawa ba ne, kowanne nasa daban, amma furotin ɗaya suka sa wa ido.

Ummu_Khalil:
Wata tambayar kuma. An ce cikinmu cike yake da bakteriya masu amfani. Su ba su da wutsiya ne? In suna da ita me ya sa hanjinmu ba ya kumbura kullum?

Sadiya_Immuno:
Da yawa suna da ita. Abu uku nake iya kawowa. A bangon babban hanji TLR5 ya fi zama ta gefen ciki na sel, ba ta gefen da ke fuskantar abinci ba, saboda haka sai ƙwaya ta ƙetare iyaka yake jin ta. Sannan hanji yana zubo garkuwar IgA da ke manne wa wutsiyoyi ta hana su iyo. Akwai kuma wani furotin, Lypd8, da masana a Japan suka bayyana a 2016, yana kama wutsiyar masu son kutsawa cikin yauƙi. In wannan tsari ya lalace ana ganin alama: a ciwon hanji na Crohn kusan rabin marasa lafiya suna da garkuwa a jini kan wani fulajelin na bakteriyar hanji mai suna CBir1. Ko shi ne sanadi ko kuwa sakamakon bangon da ya riga ya yage, masana ba su gama daidaitawa ba.

Kabiru_MLS:
Na taɓa karanta cewa ɓerayen da ba su da TLR5 suna yin ƙiba. Gaskiya ne?

Sadiya_Immuno:
An wallafa haka a 2010, ƙiba da alamun ciwon suga. Amma wasu ɗakunan bincike da suka gwada nasu ɓerayen ba su ga hakan ba, da alama ya danganta da irin bakteriyar da ke cikin ɓerayen kowane wuri. A mutane abin da na fi riƙewa shi ne akwai masu wani canjin gado da ke datse TLR5, kusan mutum 1 cikin 10 a wasu al'ummomin Turai, kuma binciken da aka yi bayan ɓarkewar cutar Legionella, wani ciwon huhu, a Holan a 1999 ya nuna sun fi saurin kamuwa da ita.

Abba_Sani99:
To me ya hana a ƙera maganin da zai tsayar da injin kawai? Ba sai an kashe su ba.

Malam_Lawal:
Ana tunanin haka, amma ka duba abin da Likita ya faɗa kan huhu. In ka tsayar da motsi bayan ƙwayar ta riga ta zauna, mai yiwuwa taimaka mata ka yi. Ko a kwalara ma abin ba miƙaƙƙe ba ne: a jariran ɓeraye, waɗanda aka lalata wa bin ƙamshi amma suna iyo miƙe sun fi na asali kama hanji. Inda na fi ganin alheri shi ne amfani da fulajelin ɗin kansa a matsayin mai zaburar da garkuwa a cikin allurar rigakafi, an yi gwaje-gwajen haka da rigakafin mura.

Nas_Rukayya:
Amma Malam a kan robar fitsari fa? Can ai kafin shiga ne. In akwai abin da za a shafa wa robar ya hana Proteus yin ayarin nan, ni dai da na yi murna, don na ga wahalar da dattawan nan ke sha.

Hafsat_Mikro:
Na gode muku duka, na cika shafi huɗu. Na janye cewa mai wutsiya ta fi haɗari a kowane hali, amma ban janye gaba ɗaya ba, saboda H. pylori da maganar Sista Rukayya. Abin da ya rage mini yanzu: Anti Sadiya, kin ce H. pylori ta canza wurin da TLR5 ke kamawa kuma wutsiyarta ba ta rushe ba. In hanyar tana nan, me ya sa Salmonella ba ta bi ta ba, ta zauna tana kunnawa tana kashewa?

Dr_Nasiru_I:
Ni zargina Salmonella tana cin ribar kumburin. An nuna cewa in hanji ya kumbura ana samar da wani sinadari, tetratayonet, da ita ke iya numfashi da shi, yawancin bakteriyar hanji kuma ba sa iyawa, sai ta fi su yawa. Wataƙila a hanji ba ɓuya take nema ba.

Sadiya_Immuno:
Wannan ɓangare ne na amsar, Likita, amma ban gamsu shi ke nan ba, don Campylobacter ma tana kumbura hanji kuma ta ɓuya wa TLR5. Hafsat, yanzu zan shiga aiki. In na fito da daddare zan dawo mu ɗora daga nan, kafin nan ki duba bambancin wurin da NAIP ke kamawa a jikin fulajelin da wurin da TLR5 ke kamawa.